Notis bai ƙare ba, sabon aiki na jira: a zauna, a biya, ko a tsallake?

Daren wata Alhamis, bayan sallar isha'i, ƙanina ya same ni a ƙofar gida a Tudun Wada ta Zariya riƙe da takardu biyu. Shekara uku ke nan yana aikin kula da sito a wani kamfanin sayar da abincin kaji da magungunan gona a Sabon Gari. Ya samu aiki mafi tsoka a Kano, ya kuma rubuta takardar ajiye aiki tun 1 ga wata, ya ba da notis ɗin wata guda kamar yadda takardarsa ta ɗaukar aiki ta ce. Sai ga shi ran 10 ga wata mutanen Kano sun kira, wai ya zo ranar Litinin 14 ga wata ko su ba wani.

"Yaya, in na tattara kayana na tafi kawai, me za su iya yi min?"

Na ce masa ya zauna tukuna. Na yi shekaru ina aikin lissafin albashi a ma'aikatu masu zaman kansu, na ga masu fita ta ƙofa, na ga masu fita ta taga, kuma na ga ranar da na tagar ke dawowa neman takarda.

Kafin a gwada hanyoyin da ke gaban ƙanina, akwai abin da ya kamata a cire daga rai. A Nijeriya babu kuɗin da gwamnati ke biyan mutum wata-wata don aikinsa ya ƙare. Wasu suna jin sunan NSITF, hukumar gwamnati mai kula da inshorar ma'aikata, sai su zaci ita ce ke biyan irin wannan kuɗi, alhali dokar 2010 da hukumar ke aiki da ita ta diyyar rauni ce, da cutar da aka ɗauka a wurin aiki, da mutuwa a bakin aiki. Kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi da ma'aikata ke zubawa a can bai shafi wanda aka sallama lafiyarsa ƙalau ba. Abu guda da ya yi kama da tallafin rashin aiki yana cikin Dokar Fansho ta 2014: wanda bai kai shekara 50 ba, ya bar aiki ko aka sallame shi, ya yi wata 4 bai samu wani ba, yana iya cire abin da bai wuce kashi 25 cikin 100 na asusunsa na fansho ba. Kuɗinsa ne da ma, ba kyauta ba, kuma sau ɗaya ake yi. Kamfanin fansho ba zai saurare ka ba sai da takardar da ke nuna ka rabu da wurin aikinka, wato takardar sallama ko ta amincewa da ajiye aikinka. Riƙe wannan magana, domin duk gwajin da za mu yi a kanta yake juyawa.

Dokar Ƙwadago, wadda asalinta ta 1974 ce, ta tsara tsawon notis a sashe na 11. Wanda bai wuce wata 3 a aiki ba, kwana ɗaya. Daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 2, mako ɗaya. Daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, mako biyu. Shekara 5 zuwa sama, wata guda. Notis ɗin da ya kai mako dole ya zama a rubuce, kuma ranar da aka miƙa takarda ba ta shiga lissafi. Ƙanina ya ji haka ya zabura, ya ce ashe mako biyu ne nasa. Na ce a'a. Wannan mafi ƙaranci ne doka ta faɗa, kai kuwa ka sa hannu a kan wata guda, shi ne ya ɗaure ka. Sannan dokar ba kowa ta kira ma'aikaci ba. Masu aikin ƙarfi da akawu ta fi nufa. Manajoji da ƙwararru irin su likita, lauya da injiniya, abin da ke cikin kwantiraginsu shi ke hukunci. Shi ya sa malamin makarantar kuɗi da ya sa hannu kan notis ɗin zangon karatu guda ba zai ɗauko sashe na 11 ya ce mako biyu ya ishe shi ba.

Hanya ta farko ita ce a zauna a cika kwanakin. Ita ce mafi tsafta, kuma ba ta buƙatar dogon bayani. Albashinka cikakke ne har ranar ƙarshe, doka ma ta ce a biya shi kafin notis ya ƙare ko a ranar da ya ƙare. Fanshonka na watan ya shiga, kashi 8 naka da kashi 10 na kamfani. Inshorar rai ta ma'aikata, wadda dokar fansho ta ce kada ta gaza ninki uku na albashin shekara, tana kanka har ranar da ka fita. In akwai garatuti a tsarin kamfanin, ba ka ba kowa hujjar hana ka ba. Aibinta ɗaya ne, sabon aikin na iya kuɓucewa. Sai dai na lura sau da yawa "ka zo Litinin ko mu ba wani" barazana ce ta ma'aikacin ofis da ke son rufe fayil. Kamfanin da ya tace mutum goma ya zaɓe ka, da wuya ya watsar da kai saboda mako biyu. In kuwa ya watsar, to ka san yadda zai yi da kai ranar da uzuri ya same ka.

Hanya ta biyu, a biya kuɗi a madadin kwanakin da suka rage. Doka ta yarda da wannan ga kowane ɓangare. Nan ne na ɗauko biro, don mutane suna ganin wannan hanya kamar riba ce tun da sabon albashi ya fi.

Albashin ƙanina naira 90,000 ne: gundarin albashi 60,000, alawus na mota da abinci 30,000. Na Kano 130,000. In ya bar aiki 13 ga wata, kwana 18 suka rage masa. Dokar Ƙwadago ta ce in za a lissafa kuɗin madadin notis, ba a sa alawus da kuɗin aikin ƙarin lokaci. Ke nan 2,000 a rana sau 18, ya kama 36,000. A kwana 18 ɗin nan zai samu kusan 78,000 a Kano. Cire 36,000, saura 42,000. Da ya zauna a Sabon Gari, kwanakin nan 54,000 za su ba shi, ba kuɗin mota daga Kwangila zuwa Kano, ba neman ɗakin haya cikin gaggawa. In kuma kamfani ya dage cewa albashi gaba ɗaya takardarsa ke nufi, 54,000 zai biya, ya tashi da 24,000. In suka ce ba su san rabi-rabi ba, wata guda cur za a biya, to sai dai ya ci bashi. Wato biyan madadi ba ciniki ba ne, fansa ce. Ana yin sa ne kawai idan an tabbata sabon aikin zai tafi, kuma bambancin 40,000 a kowane wata zai rufe ramin nan gaba kaɗan.

Wanda zai bi wannan hanya ya biya tare da takardar, kada ya ce a bi shi bashi. Kotun Ƙoli, a shari'ar Chukwumah da kamfanin Shell a 1993, ta ce kuɗin madadin notis ana biyan sa ne a lokacin da ake yanke alaƙar, ba bayan an watse ba. A can kamfani ne ya yi sallamar, amma hikimar ta shafi kowa. A tura ta banki, a rubuta dalilin biyan, a karɓi rasit. In an yarda a cire daga albashin kwanakin da ka riga ka yi, a rubuta hakan a takarda da adadinsa. Wani lokaci sabon kamfani kan yarda ya ɗauki nauyin kuɗin in da gaske yake son ka da wuri. Tambaya ba ta ɓata komai.

Hanya ta uku ita ce wadda na fi so, kuma ita ce mutane suka fi jin nauyin bi: a je a roƙi sassauci. Sashe na 11 ɗin nan dai ya ba kowane ɓangare damar ya yafe haƙƙinsa na notis. Maigidanka na iya cewa je ka, na yafe sauran kwanakin, ba ka biya ko sisi ba. Abin da ke damun mai kamfani ba ganin fuskarka har ƙarshen wata ba ne. Damuwarsa sito, da makullai, da littafin kaya, da wanda zai karɓa. In ka je masa da lissafin buhuna a kammale, da sunan wanda ka fara koya wa aikin, da alkawarin ɗaga waya in an nema, ka cire masa rabin dalilin ƙi. Akwai kuma hutun shekara. Doka ta ba ma'aikaci aƙalla kwana 6 na aiki bayan kowane wata 12, kamfanoni da dama ma sun fi haka. Wanda bai ci hutunsa ba yana iya neman a lissafa kwanakin cikin notis.

A garinmu wannan hanya tana da ƙarfin da babu a littafin doka. Wanda ya kai ka aikin tun farko, kawu ne ko limamin unguwa ko abokin mahaifi, shi ne ya dace ya raka ka fita. Alhajin da zai ce wa yaro a'a yana jin kunyar ce wa dattijo. Amma inda mutanenmu ke faɗuwa shi ne a tsaya a kan "ba komai, Allah ya sa alheri". An yi musabaha, an yi addu'a, babu ko layi ɗaya a takarda. Bayan wata shida manaja ya canza, akawu ya buɗe fayil ya ga mutum ya ɓace 13 ga wata, sai ya rubuta cewa ya gudu. Abin da ake bukata gajere ne: takarda mai tambarin kamfani da ke cewa an amince da ajiye aikinka, ranar ƙarshe ita ce kaza, an yafe sauran notis, ba ka riƙe da kayan kamfani. In maigida ba mai son rubutu ba ne, kai ka rubuta, ya sa hannu a kwafinka.

Sai ta huɗu, wato a tsallake notis a tafi kawai, wadda ƙanina ya zo da ita a baki. Gaskiya ne babu mai ɗaure ka a kujera. Tsarin mulki ya hana aikin tilas a sashe na 34, kotuna kuma sun sha faɗa cewa ma'aikaci na da ikon ajiye aiki, maigida ba shi da hurumin cewa bai karɓa ba. Rashin cika notis saɓa yarjejeniya ne, ba laifin da ɗan sanda ke kama mutum a kai ba. Abin da kamfani zai iya nema a kotu galibi bai wuce kuɗin kwanakin da ka tsallake ba, kuma kamfanoni kaɗan ne za su ɗauki lauya su tafi Kotun Ma'aikata a Kaduna saboda 36,000. Wannan shi ke ruɗin matasa.

Ba a kotu ake biyan kuɗin tsallakewa ba. Albashin kwana 13 da ka yi yana hannunsu, za su riƙe, kai ne kuma za ka koma mai bin sawu. Garatuti, wanda Dokar Ƙwadago ba ta wajabta wa kamfanoni masu zaman kansu ba, yana bin sharuɗɗan littafin ma'aikata, kuma sharaɗin da aka fi sakawa shi ne a rabu lafiya. In suka ga dama su rubuta maka takardar kora saboda ƙauracewa aiki, ita ce za ta zauna a fayil maimakon takardarka ta murabus. Ga mai riƙe da sito ko kuɗi abin ya fi haɗari. Ka tafi ba a ƙirga kaya ba, duk buhun da ya ɓace a watan nan da wanda ya ɓace bara, kanka za a ɗora, a nan ne maganar ke tashi daga saɓa yarjejeniya ta koma zargin cin amana, a nemo wanda ya tsaya maka lokacin ɗaukar aiki. Dattijon da ya sa hannu saboda mutuncin gidanku shi za a fara kira.

Akwai kuma abin da ƙanina bai hango ba sam. Na ce masa, ranar da ka shiga kamfanin Kano, shekarunka uku sun koma sifili. A wata ukun farko, in kwantiragi bai faɗi wani abu daban ba, notis ɗin kwana ɗaya doka ta ba ka. In suka ce ba ka ci gwaji ba, ka dawo Zariya hannu rabbana, sai ka lissafa wata 4 ka nufi kamfanin fansho neman kashi 25 ɗinka. Mafi yawan kuɗin da ke asusun daga tsohon wurin aikinka suka fito. In aka tarar akwai watannin da ba a zuba ba, ko aka nemi takarda daga can, ƙofar da ka buga da ƙarfi ita za ka je kana ƙwanƙwasawa a hankali.

Duk wannan ga wanda shi ya ba da notis ne. In kai aka ba, lissafin ya sauya, kuma nan ne rashin haƙuri ya fi tsada. Wanda aka sallama saboda rage ma'aikata yana ƙarƙashin sashe na 20, wanda ya ce a sanar da ƙungiyar ƙwadago ko wakilan ma'aikata, a bi tsarin na ƙarshen shigowa shi ne na farkon fita tare da duba ƙwazo, a kuma yi ƙoƙarin daidaitawa kan kuɗin sallama. In zuciya ta ɗebe ka ka rubuta murabus a tsakiyar notis ɗinsu, ka sauke musu nauyi da hannunka, za su ce ai kai ka tafi. In ka samu wani aiki kafin kwanakin su cika, nemi su sake ka da wuri a rubuce, tare da layin da ke cewa kuɗin sallamarka na nan daram. Haka nan idan aka kira ka ofis aka ce ka rubuta takardar ajiye aiki da kanka don a rufa maka asiri. In ka san akwai laifi a wuyanka, wannan tayi ne mai kyau, domin murabus ya fi kora kyan gani. In ba ka da laifi, kada ka sa hannu a ranar. Kora da hali ce, Kotun Ma'aikata kuma tana sauraron irin wannan ƙara, sai dai takardar da ka rubuta da hannunka kana godiya za ta wahalar da lauyanka.

Wanda aka daina biyan albashi wata da watanni, nasa daban ne. Maigidan ne ya fara karya yarjejeniya. Duk da haka ya rubuta dalilinsa da adadin bashin kafin ya tafi, ya ajiye kwafi, ya kai koke ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a Kaduna, inda ake fara gwada sulhu. In sulhu ya ƙi, tun gyaran tsarin mulki na 2010 Kotun Ma'aikata ce kaɗai ke da hurumin irin wannan shari'a, ba kotun majistare ba.

Ma'aikatan gwamnati, kuma Zariya gari ne nasu, daga Samaru zuwa Kongo, Shika, Gyallesu da Palladan, kada su ɗauki ma'aunin ƙanina. Dokokin aikin gwamnati da sharuɗɗan kowace cibiya ke tafiyar da su, kuma a can rashin zuwa aiki ba izini babban laifi ne da ke kai ga kora, korarre kuma da wuya ya sake shiga aikin gwamnati. Malamin da aka tura ƙaro karatu da kuɗin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ya sa hannu zai dawo ya yi wasu shekaru. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, notis ba ya goge wannan alkawari.

Tun da yanzu kusan kowace unguwa tana da likita ko ma'aikaciyar jinya a waje, bari in taɓa nasu. A ƙasashen da ake biyan kuɗin rashin aiki, wanda ya ajiye aiki da kansa shi ake fara hukuntawa. A Jamus, in babu ƙwaƙƙwaran dalili, ana dakatar da kuɗin har mako 12. A Afirka ta Kudu mai murabus ba ya cin asusun inshorar rashin aiki, wato UIF, ko da an yi shekaru ana cire masa kashi 1 cikin 100 na albashinsa. A Ingila ana iya yanke tallafin na kusan wata uku, sai dai namu da suka je da bizar aiki ba su da haƙƙin tallafin tun asali, abin da ke gabansu shi ne bizar kanta, wadda akan rage ta zuwa kwana 60 bayan an bar kamfanin da ya ɗauki nauyi. A Saudiyya kuɗin ƙarshen aiki ne ke raguwa: mai murabus kafin shekara 2 ba ya samun komai, daga 2 zuwa 5 kashi ɗaya cikin uku, daga 5 zuwa 10 kashi biyu cikin uku, sai a shekara 10 yake samun cikakke. Mutum yana iya rasa kuɗi masu yawa saboda ya yi gaggawar mako uku kafin cikar shekara.

Da Juma'a da safe muka fara da kiran Kano. Ƙanina ya ce musu yana riƙe da sito, ba zai bar shi ba a ƙirga ba. Suka ƙara masa mako guda ba tare da jayayya ba. Bayan sallar Juma'a kawunmu, wanda shi ya kai shi aikin tun farko, ya raka shi wurin Alhaji mai kamfanin.

"Ranka ya daɗe, yaronka ne ya samu gaba, muka ce ba zai ɗaga ƙafa ba sai da albarkarka."

Alhaji ya yi ɗan faɗa, ya ce yaran yanzu da sun koyi aiki sai su tafi. Daga baya ya yarda ƙanina ya tsaya zuwa 20 ga wata, a lissafa masa kwana 6 na hutun da bai ci ba, sauran kwanakin an yafe. Ni na rubuta takardar da daddare, layi biyar, akawu ya buga ta a takardar kamfani ranar Litinin.

Wajen ƙirga kaya aka tarar buhu huɗu na abincin kaji ba su nan. Da aka bi littafi sai ga su, wani dillali ya ɗauka bashi ba a shigar ba. Na kuma sa ƙanina ya nemi bayanin asusunsa daga kamfanin fansho, sai muka ga wata biyu ba a zuba ba, alhali an cire daga albashinsa, doka kuwa kwana 7 na aiki ta bayar bayan biyan albashi. Akawu ya ce mantuwa ce. An zuba na wata ɗaya kafin ya tafi, ɗayan kuma kawu ne ke bibiya duk ranar da ya shiga Sabon Gari.